Injin da Zai Riƙe wa Mama Tauraro

Aberdeen, 3 ga Satumba, 2023

Baba Alexander,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, da matarka Mama Celina da gwiwarta mai ciwo. Ni lafiya lau nake, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Na san kunnenka bai shiri da waya tun da ƙarar masaƙa ta cinye shi, shi ya sa na rubuta da hannu. Mama Celina za ta kai shagon fotokwafi su fitar maka a takarda kamar yadda muka saba.

Maganar Mama ce, mahaifiyata. Likita ya gaya mini abin da bai gaya mata ba. Hawan jinin ido ya gama da na hagu, na dama kuma saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Bai yi mini alkawarin za ta kai Kirsimeti da shi ba. Ka kuma ji abin da ta roƙa da kanka. Matar da ta yi shekara talatin tana zagin madubin hangen taurarin Babana, tana kiransa igwa, ba ta taɓa sa ido a ciki ba har aka binne shi, yau ita ce ke cewa tana so ta ga tauraron nan mai zobe da yake tara mutanen layi yana nuna musu.

Ka ce kun gwada sau uku bai yiwu ba. Na san dalili. Sama tafiya take yi. Kai ka saita, ka tashi, ita ta zauna tana laluben hasken da ɗan abin da ya rage mata, kafin ta same shi tauraron ya fice daga madubin. Ko minti ɗaya ba ya yi a ciki.

Don haka na ba Sista Tracy ta cocinmu saƙo, za ta sauka Kaduna ranar Asabar. Ɗan inji ne, bai fi gwangwanin madara ba. Ana ɗaura shi a sandar nan da Babana ke murɗawa da hannu, a sa masa batiri huɗu, shi ke nan, zai riƙa juya igwar a hankali daidai da tafiyar sama, tauraron ya tsaya wuri ɗaya ko awa guda Mama za ta yi tana nema. Ka tabbata ƙafafun igwar uku sun shiga ramukan da Babana ya yi a simintin tsakar gida, don ta fuskanci arewa.

Abu ɗaya nake roƙonka, na kuma ja masa layi biyu: kada ka buɗe injin nan. Na san halinka. Rediyona na makaranta har yau bai dawo daidai ba.

'Yarka,
Hephzibah

Trikania, 19 ga Satumba

Hepzi,

Na gaishe ki. Muna lafiya, mun gode Allah. Gwiwar Celina tana nan yadda take. Mamanki na cin abinci, Celina na ɗiga mata magani safe da yamma, ni kuma na kai ta asibiti ranar Talata a Keke Napep, tireloli na watsa mana ruwan taɓo a titin baifas.

Saƙonki ya iso. Na kuma ga layi biyun da kika ja. Ban san Turai na koya wa yara ja wa iyayensu layi ba. Shekara ashirin da bakwai na yi ina aikin fita, mai haɗa inji da gyara shi, a masaƙa a Kakuri. Injin da aka kawo daga Jamus a cikin akwati mai girman ɗakin Mamanki, ni aka kira. Kuma dokarmu ɗaya ce tun daga maigidana har kaina: sabon inji ba ya tashi sai fita ya kwance shi, ya jera kayan cikinsa a kan ƙyalle, ya ƙirga, ya san abin da ke juya me. Wanda ya tada injin da bai san cikinsa ba, ranar da ya tsaya sai ya tsaya yana kallonsa kamar baƙo. Rediyonki kuwa da ciwonsa ya zo hannuna.

Ba gaggawa ma a yanzu. Ruwa ake yi kusan kullum da yamma, sati biyu ke nan ban ga tauraro ko ɗaya ba. Don haka na buɗe shi. Na ce wa Celina ta ɗauki hoto ta tura miki, ki ga aikin tsabta.

Ga abin da na samu. Giya biyar ne a ciki, uku na roba, biyu na tagulla, na ƙirga haƙoran kowanne na rubuta a bayan kalanda. Aikin ba laifi. Amma man da suka shafa masa abin kunya ne, ɗan fari-fari haka, kamar an dangwala wa jariri man kaɗanya a goshi. Wannan ba zai kai wata biyu a zafin Kaduna ba. Na wanke shi tas da kananzir, zan cika masa giris na gaske, irin wanda muke sa wa injin saƙa. Ina da sauran gwangwani guda da na ajiye tun ranar da aka rufe mana ƙofa.

Ki kwantar da hankalinki. Mamanki za ta ga tauraronta.

Babanki,
Alexander

Aberdeen, 21 ga Satumba

Baba Alexander,

Ina gaisuwa. Ba zan ce maka ina lafiya ba tun da na buɗe hoton nan.

Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak. Na ga injin a warwatse a kan tsohon zanen Mama Celina, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba, kaza tana wucewa a gefe. Ka ce ba gaggawa. Idon wa ke rufewa, naka ko nata? Ruwan sama zai ɗauke, amma abin da ya fita daga idon Mama ba ya dawowa, kullum da safe ta tashi da ƙasa da abin da ta kwanta da shi. Aikina ke nan, ina ganin irinsa a nan kowane mako.

Wannan ba injin saƙa ba ne, Baba. Ƙarfinsa bai kai na agogon bango ba. Da gangan suka sa masa mai mara kauri. Idan ba ka riga ka cusa masa giris ɗin nan naka na zamanin da ba, don girman Allah kada ka sa. Ka mayar da komai yadda ka same shi, ka ɗaure, ka cire hannunka.

Masaƙa ta mutu. Kowa a Kakuri ya yi makokinta ya tashi, kai kaɗai ka ƙi tashi, duk abin da ya shigo hannunka sai ka mayar da shi injin Jamus. To ka yi da kayanka, ba da idon uwata ba.

Kuma tun da kana maganar iyaye da ja musu layi, bari in faɗa. Kakanka da kakan Babana ne wa da ƙane. Iyakar abin ke nan. Don Babana ya riƙe ka kamar ɗan ciki ɗaya ne nake kiranka Baba, ba don kana da ikon yin yadda ka ga dama da abin da na aiko wa Mama ba.

Ka ba ni amsa yau.

Hephzibah

Aberdeen, 14 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Sati uku da kwana biyu. Na kira Mama Celina, ta ce ka fita. Na sake kira, ta ce kana barci da ƙarfe huɗu na yamma, kai da ba ka taɓa kwanciya da rana ba. Na tambayi Mama, ta ce ita ba ta san zancen inji ba, ta koma ba ni labarin zumuntar mata. Na duba, na ga ruwa ya fara ɗaukewa a Kaduna. Ƙarfe bakwai na yamma tauraron yana nan sama da rufin maƙwabta, ba sai an hana kowa barci ba.

In fushi kake yi da ni, ka yi, na san bakina ya yi zafi. Amma ka yi fushin kana ɗaura injin. Me ake ciki?

Hephzibah

Trikania, 22 ga Oktoba

Hephzibah,

Muna nan da rai. Celina ta gaji da yi miki ƙarya saboda ni, ta ce in ban rubuta yau ba ba za ta dafa mini ba.

Zan fara da lissafin kakanni da kika yi mini. Daidai ne, ba ki yi kuskure ba. Sai dai ranar da ubanki ya faɗi a aji da alli a hannunsa, shugaban makaranta bai tambayi kakan kowa ba, ni ya aiko a kira. Ni na wanke Jonathan. Ni na tsaya a kan masu haƙa kabari. Ke kina can, takardunki ba su fito ba, ban taɓa riƙe ki da wannan ba, ban kuma taɓa ambata shi ba sai yau da kika sa ni. Shekara huɗu ni ke gyara kwanon rufin Mamanki in ya yi yoyo, matata ke ɗiga mata magani. Ke kina aiko da kwali da umarni. Ba laifi, kowa da abin da yake iyawa. Amma kada ki ƙara auna mini nisan jini da rula.

Yanzu ga abin da kike son ji. Injin ya ƙone.

Kafin wasiƙarki ta iso na riga na sa giris ɗin na ɗaure. Da na karanta, zuciya ta hana ni kwancewa, na ce yarinyar da aka yi wa wanka a gabana ba za ta koya mini mai ba. Ranar talatin ga Satumba sama ta buɗe da yamma. Na kai igwar ramukanta, na ɗaura shi, na kunna. Mamanki ta yi wanka ta ɗaura sabon ɗankwali kamar mai zuwa coci. Celina ta ce tana jin injin yana nishi, ni ban ji ba, kin san kunnena. Hancina ne ya gaya mini, wari kamar na gashin da ya taɓa wuta. Giris ɗin ya yi masa nauyi, ya ja har ya mutu. Mamanki na zaune a kujera tana cewa, "To, in zo?"

Laifina ne. Na rubuta da hannuna, ki ajiye takardar, don ba kowa ya taɓa samun irinta daga wurina ba.

Na zaga kasuwar tsofaffin ƙarafa kwana shida, na je wurin masu gyaran firinta, ba wanda ke da 'yar mota irin tasa, wato abin da ke juya giyoyin. Ina kan wani abu, ba zan faɗa ba sai ya yi.

Mamanki ta daina tambaya.

Alexander

Aberdeen, 23 ga Oktoba

Baba,

Me kake nufi ta daina tambaya? Idon ya tafi ke nan? Ka rubuta mini shafi biyu a kan kanka da kakanninka, sannan ka jefa wannan a layin ƙarshe kamar kana ba da labarin farashin tumatir! Na kira wayarta sau goma sha ɗaya, a kashe. Na fita daga ɗakin marasa lafiya na shiga bayan gida na yi kuka, wata Baturiya tana ƙwanƙwasa mini ƙofa.

In ya tafi, ka gaya mini kai tsaye. Ka gaya mini cewa abu ɗaya da ta roƙa a rayuwarta, gwangwanin giris ya hana ta.

In kuwa da saura, na riga na sayi wani injin. Matthew mijin Sista Tracy zai taho ranar ashirin ga Nuwamba. Har ya iso kada ka taɓa igwar. Wannan "wani abu" da kake kai, ka bar shi. Na ji abin da ka yi wa Babana, na kuma ji kunya, Allah ya sani. Amma kunyata ba za ta sa in yarda ka sake gwaji a kan Mama ba.

Hephzibah

Trikania, 12 ga Nuwamba

Hepzi,

Na gaishe ki. Kowa lafiya. Wayar Mamanki ba komai ba ne, taransifomar layinsu ce ta lalace kwana tara.

Kin karanta abin da ban rubuta ba. Na ce ta daina tambaya, ban ce ta daina gani ba. Ta daina ne don kada ta kunyata ni. Da na shigo gidan sai ta kama zancen kaji. Wannan ya fi zaginki ciwo, in kina son sani.

Kin ce in jira Matthew. Ban jira ba, kuma ba zan ba ki haƙuri ba. Ranar biyu ga wata na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi a kan tebur, ta wuce shi har sau biyu. Ke kina da kalanda, ni ina da abin da nake gani.

Motar cikin injin ce ta ƙone, giyoyin lafiyarsu ƙalau. Kin tuna haƙoran da na ƙirga na rubuta a bayan kalanda, aikin da kika zage ni a kansa? Da su na yi lissafi. Sandar igwar tana bukatar zagaye ɗaya a minti goma. In aka bi ta giyoyin nan aka koma baya, giya ta biyu tana bukatar zagaye ɗaya duk sakan biyar. Wannan hannun mutum zai iya. Na wanke giris ɗina da kaina, na sa man keken ɗinkin Celina. Na cire motar da ta mutu, na haɗa wayar sifidomita, agogon gudu na tsohon babur, a gurbinta don kada rawar hannuna ta kai ga madubin, na sa mata mariƙi a ƙarshe. Sati biyu ina koyon murɗawa a ɗaki da agogona a gwiwa, duk lamba ɗaya da sandar sakan ta tsallaka, zagaye ɗaya. Celina ta ce ta auri mai niƙan barkonon da ba a gani.

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai saura, da sauran ja a yamma, na saita mai zoben a tsakiya. Na zauna a ƙasa na fara murɗawa, Celina ta riƙe mini tocila a kan agogo da hannu ɗaya, ta zaunar da Mamanki da ɗayan. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya, don in na ɗaga na ɓata ƙirga. Sauro ya ci ƙafata yadda yake so. Tirela ta wuce, na ji ƙasa ta girgiza, ban tsaya ba. Minti ashirin da biyu, har kafaɗata ta mutu.

Abin haushin shi ne ban san me ta ce ba. Celina ta ce ta yi magana da yawa. Ni idona na kan agogo, kunnena kuma kin san inda na baro shi. Na tambaye su, sun ce ba da ni ake ba. Da ta tashi dai ta dafa kaina, ta shige ɗaki.

Tun ranar kullum da yamma ina zuwa. Ta ce in bar wa Celina wuri a ƙasan takardar, ta kuma ce ba a yarda in karanta ba. Matan nan sun mayar da ni yaron aike a tsufana.

Babanki, ko na nesa ne,
Alexander

Hepzi, Celina ce ke rubutu, Mamanki ke faɗa. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara.

Na gani. Na daɗe ina lalube cikin baƙi, sai ga shi ya shigo ta gefe ya tsaya, bai gudu ba. Ɗan mitsitsi ne, Hepzi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, da zobensa a karkace kamar ɗankwalin 'yar yayi. Haushi ya kama ni. Na ce, "Jonathan, a kan wannan ɗan abin ka bar tuwona yana hucewa shekara talatin?" Na zage shi sosai. Sannan na ce, "Me ya sa ba ka ja ni da ƙarfi ka zaunar da ni ba? Ka san taurin kaina." Sai na ga kamar zai motsa, na ce, "Riƙe mini shi, Jonathan, kada ka saki." Aka kuwa riƙe.

Laraba na gani. Alhamis na gani, amma dishi-dishi. Jiya da shekaranjiya ban ga komai ba. Na zauna, ya murɗa minti ashirinsa, na tashi na ce masa ya fi na kullum kyau. Kada ki gaya masa. Injin da Matthew zai kawo, ki ce ya bar shi a can, ba ni da abin da zan yi da shi. Gobe ma Alexander zai zo, zan zauna, ya murɗa, har ranar da tauraron ya bar saman gidan nan.

Ke kuma na ji abin da kika rubuta masa na kakanni, Celina ta karanta mini. Ki ɗauki biro yau ɗin nan. Ki fara da tambayar kafaɗarsa.